Ɓarawon da Ya Ɗauki Tabarau Guda

Ranar Litinin da hantsi, cikin daminar 2008, aka tura Sufeto Yahaya wani ƙaramin asibitin fata a Bompai. Mutum ne mai sanyin jiki, har abokan aiki na yi masa tsiya wai kafin ya gama tambaya ɓarawo ya tsufa. Bai taɓa damuwa ba, don ya san gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Likita Zulaihat, mai asibitin, ta nuna masa injin leza da ta shigo da shi daga waje, wanda ke ƙone saman fata da haske don sabuwa ta fito, tabo ya dishe. Injin yana nan daram. Abin da ya ɓace shi ne hannunsa, wani ƙarfe mai kamar tocila da ake ɗorawa a fuska, da akwatin kawunan da ake sauya masa.

"Yaushe kika lura?"

"Shekaranjiya, da na dawo daga tafiyar mako uku."

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Nas ɗita, Albarka. Tuni mutanenku suka kai ta bayan kanta a caji ofis."

"Hannun yana aiki shi kaɗai?"

"Ina! In babu injin, da shi da muciya duk ɗaya."

"Sai me kuma?"

Ta ja durowa. "Tabaraun rufe idon majiyyaci. Biyar ne, saura huɗu."

Sufeto ya leƙa durowar. Ɓarawon da zai kai kasuwa kwashewa yake yi. Wannan guda ya zara, ke nan akwai idon da yake tsoron lalatawa. Ya nemi katunan marasa lafiya, ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

A caji ofis ya tarar da Albarka idanu sun kumbura. Laraba za a kai ta kotu, kuma in aka kai ta, ita da aikin jinya sai dai a mafarki.

"Kin taɓa ba wani makulli?"

"Ban taɓa ba, Oga."

"Akwai wanda aka sallama ba a yi masa aikin ba?"

"Babu."

Ya ajiye mata kati a gabanta: Ma'u Haruna, Panshekara, ƙunar asid a fuska. Likita ta rubuta cewa tabon ya yi zurfi, injin ba zai amfane ta ba.

Albarka ta fashe da kuka. "Matar Baba Haruna ce, mai kula da janaretanmu. Na ba shi makulli ya gyara soket. Ban ga ya ɗauki komai ba, Oga. Dattijon nan ya sha wuya, ba da bakina za a ƙara masa ba."

Tausayinta ya kama Sufeto, har da ɗan haushi. Ga mai kwana biyu a kan siminti tana jin tausayin wani.

Ya samu Malam Haruna a rumfar janareta, dattijo siriri mai hannu duk baƙin mai. A kan tebur akwai ƙananan batura da jajayen ƙwayayen fitila irin na rediyo.

"Malam, janareta na cin batirin tocila ne?"

"Na rediyona ne, Yallaɓai."

"Ya mai jiki?"

"Ta... tana Ɗorayi wajen 'yan uwanta."

"To ku raka ni Panshekara mu gani. Jibi za a kai Albarka kotu a kan kayan nan."

Dattijon ya dafa bango. "Kotu? Ce mini aka yi tambayoyi kawai za a yi mata."

Tun a mota ya fara magana, ba wanda ya matsa masa. Da can a wani kamfanin jimar fata yake aiki a Challawa. Shekara uku da suka wuce ya ɗebo asid a jarkar ruwa don wanke bayan gida, ya ajiye kusa da randa, ya manta bai faɗa ba. Ma'u ta zuba za ta wanke fuska.

"Ni na yi mata, Yallaɓai. Da likita ta ce ba magani, na kasa gaya mata. Na sha leƙen yadda ake yi ta taga. Na ɗauko hannun injin na jona, ya ƙi. Sai na sa masa jar fitila a ciki, na ce likita ce ta ba mu aro. Kullum bayan karin kumallo nake yi mata."

Ma'u ta fito tsakar gida da mayafi ya rufe rabin fuskarta. Tana ganin Sufeto ta koma ɗaki ta ɗauko akwatin a naɗe cikin sabon zani. Hannun na ciki, kawunan na jere, an goge kowanne tas, tabaraun na sama.

"Malama, abin nan ba ya..." Sufeto ya kasa ƙarasawa.

"Na sani, Yallaɓai. Tun ranar farko na ji ƙarar batir a ciki."

Malam Haruna ya zuba wa ƙasa ido. "Kin sani, kika yi shiru?"

"Shekara uku, Malam, ƙasa kake kallo in kana mini magana. Da ka kawo abin nan dole ka riƙe haɓata, ka duba inda za ka ɗora. Me zai sa in ce ba ya aiki?"

Sufeto ya karɓi akwatin. Yau Albarka za ta kwana a gidansu, amma bai ji daɗin da ya saba ji ba. Ankwar ma bai ciro ta daga aljihu ba.

Sun kai bakin zaure Ma'u ta zame mayafin. "Malam, kalle ni kafin ka tafi."

Dattijon ya juyo. Ya ɗago kai a hankali har idonsa ya kai haɓarta, ya tsaya nan, sannan ya koma ƙasa.

"Ba komai," in ji ta, tana mayar da mayafin. "Allah Ya kiyaye hanya."

Sufeto ya kama hannunsa suka fita.