Ƙofa Mai Lamba 5050

"Ki sake dubawa, Hamdiyya... don girman Allah ki sake dubawa."

Ta harare ni ta saman gilashinta. Ajinmu ɗaya da Hamdiyya, kuma duk kwamfutar da ta yi gardama a Ƙaura ita ake nemowa. Tun hantsi na tsare ta a shagon buga takardun da nake aiki.

"Yusra, wai mi kika ɓoye cikin wagga kwamfuta?"

Sai na faɗa mata. Da Yaya Dikko ya ƙwace wayata, ya rantse ɗiyar alƙali ba ta auren ɗan manoman Zurmi, saurayina Zaharaddeen bai ja da shi ba. Zama ya yi ya rubuta mana 'yar manhaja, ya ɗora a kwamfutar shago. Manhajar na buɗe ƙofa ɗaya a netwok, fot suke ce mata, lamba 5050, ta zauna tana saurare. In ya turo saƙo ta nan zai shigo.

Kullum da safe nakan tarar da "Hasken idona, kin tashi lafiya?"

Tun girbin gero ban sake ganin ko harafi ba. Ga shi har an fara sharar gona.

"Lalacewa ta yi," na ce. "Na san yana turowa, ƙofar ce ba ta ji."

Hamdiyya ta ja kujera. Ta buga umarni, jerin ƙofofin ya fito.

"Ga ta nan, tana saurare."

"Wataƙila wata manhaja ta riga ta kama lambar."

"Taku ce riƙe da ita."

"To ko cikin kwamfutar kaɗai take ji, ban da na waje?"

"Ta ko'ina take ji."

"Katangar tsaro fa? Rawuta fa, na'urar raba netwok? Mai shago ya taɓa cire ta lokacin da..."

"Na duba, Yusra. Har adireshin bai canja ba."

Wallahi haushinta na ji kamar ita ta yi min laifi. Wata da watanni ina rayuwa da wannan matsalar. Ita nake kwana da ita, ita ke sa ni fitowa aiki.

Na juya ina share ido da bakin mayafi, sai kwamfutar ta yi ƙara.

Ƙarar shigowar saƙo!

Ban san lokacin da na ture kujera ba. Na kai fuskata jikin allon.

"Gwaji."

Kalma ɗaya ke nan. Na waiga, ga Hamdiyya riƙe da wayarta, ta kasa kallona.

"Ni na turo," ta ce a hankali. "Nan take ya shigo. Lafiyarta lau."

"To netwok ɗin Zurmi ne, kin san halinsa..."

"Ba ya Zurmi. Yana Shinkafi." Ta riƙo hannuna. "Kawunsa ya ba shi auren Madina, ita da ke zuwa gidansu hutu tana ce miki Anti. Innata ta je bikin. Na yi ta neman bakin faɗa miki, na rasa."

Na zauna a ƙasa, nan kan siminti. Kuka ma ya ƙi zuwa. Ni da na yi ta zagin rawuta, na zagi wuta, na zagi mai shago a zuci, ashe ba wanda ya tare hanya.

"In rufe ƙofar?" in ji Hamdiyya.

Na girgiza kai.

"Ki ɓata min ita."

"Mi?"

"Ki ɓata ta yadda ni ma ba zan gane ba. Kar ki faɗa min inda kika taɓa."

Idonta ya cika. Sannan ta juya allon gefenta, ta ɗan buga wani abu, ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama.

Washegari na riga mai shago zuwa. Na kunna kwamfutar, na gyara zama, na fara neman inda matsalar take.