Wa'adin Tsohon Kwafi

A Zuru, Mika ne ke kula da shafin intanet na ƙungiyar garinsu. Kwamfutarsa takan ajiye tsohon kwafin shafin, sai wa'adinsa ya cika ta ɗauko sabo.

Wani dare, janareta na tari, sai ga wani soja ya shigo yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, takalmansa ba sa ƙara.

"Mika, bar hotona da ke tsohon kwafin, wa'adinsa bai cika ba. A nan kaɗai tsohuwata ke ganina."

Mika ya yi dariya. "Oga, ni ke cika wa'adi a nan." Ya goge tsohon kwafin.

Sabon shafi ya fito da sanarwar rasuwa, hoton kuwa na Mika ne.

Sojan ya ce, "Kai ma tsohon kwafi ne."