Hannuna Cikin Zunguru

"Ashatu, sau ukku ke nan! Sau ukku ana sa rana kina kwantawa ciwo. In ba ki so na, ki hwaɗa min gaskiya."

Aƙilu ne yake faɗa a zauren gidanmu na Ƙofar Rini, bayan la'asar. Shekarar ce da gari ya ɗauka cewa Turawa za su tafi. Kowa na zancen 'yancin kai, ni kuwa kaina ma ban mallaka ba.

"Malam, wallahi ina son ka..."

"To mi ne ne? Babana ya ce in azumi ya kama ba a ɗaura ba, a bar maganar."

Na ƙirga a zuci. Saura mako biyar azumi.

Ina son bawan Allahn nan kamar in yi yaya. Fataucin fatun awaki yake yi, kullum rigarsa da warin jima, amma ban taɓa toshe masa hanci ba. Ni da ke jure wannan, wai ganyen lalle ne ya gagare ni! Da na ji ƙamshinsa sai zuciyata ta tashi, hannuwana su yi sanyi, in ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Ina amarya kuma ba lalle?

Shekara bakwai ina gudunsa. Da fari layin masu lalle na daina bi a kasuwa. Daga nan na daina zuwa biki. Daga baya ko jan tafin mace na gani sai in kau da kai. Duk gudun da na yi nakan ji sanyi a raina na ɗan lokaci, gobe kuma tsoron ya dawo ya fi na jiya. Mata suka ce iska ce, aka yi ta banka min hayaƙi a banza.

Ranar dai na gaya masa, ina kallon tabarma.

"Ina da shekara goma sha ɗaya, jajibirin Salla. Inna ba ta da lahiya, amma ta lallaɓa ta ƙunsa min ƙahwa, ta sa min hannu cikin zunguru. Ta koma ɗaki ta kwanta. Can na ji ta kira ni, Ashatu, taho! Na ce, Inna bari ya kama..."

Na share hawaye, na ci gaba.

"Kahin ya kama ta cika, Malam. Ban san mi take so ba. Ko ruwa ne? Ban tai ba!"

Idon Aƙilu ya kawo ruwa.

"Haba abar ƙaunata, wanga kaya kika ɗauka ke ɗai? To a ɗaura ba lalle mana!"

"A'a!"

Kakata Hajjo ce, uwar Inna, ashe tana bayan asabari tana jin mu. Tsohuwar nan kunnenta sai abin da ba a so ta ji.

"Kai mai hwata, in ka taya ta gudu yau, gobe ɗiyarta ma ba ta iya yi wa ƙunshi. Tai gida, ka bar min ita."

Washegari da hantsi ta kwaɓa lalle a 'yar ƙwarya, ta ajiye can gindin rumbu, ta zaunar da ni a bakin ɗakinta.

"Ban ce ki taɓa ba. Zamna kawai."

Iska ta kaɗo ƙamshinsa. Wayyo! Na yunƙura zan tashi, ta danne min gwiwa.

"Zamna, shi ka gajiya ba ke ba."

Na zauna ina tsine wa ƙwaryar a zuci. Abin mamaki, kafin inuwa ta bar bakin ɗaki bugun zuciyata ya lafa da kansa.

Kullum sai ta matso da ƙwaryar taki ɗaya. Kullum da la'asar Aƙilu ya leƙo zaure.

"Yau ina ta kai, gimbiya?"

"Ta wuce turmi."

"Madalla! Ta hi ni sauri, ni shekara biyu ban wuce zaure ba."

A rana ta tara ƙwaryar tana gabana. Na lumshe ido, na shaƙa da gangan. Sai na ga tsakar gidanmu kamar yadda take a da, rana tana ratsowa ta ganyen darbejiya, Inna ta ɗora ƙafata a cinyarta tana shafa min lalle, tana dariya har wushiryarta ta fito. Shekara bakwai ban iya tuno fuskarta ba. Ashe da na rufe ƙofar nan, har da ita na rufe a ciki.

Na fashe da kuka.

"Hajjo, mi Inna take so ran nan?"

"Yau kika tambaya? Sau nawa ina ɗauko zancen kina rugawa ɗaki? Ina zamne kusa da ita. Ruwa na ba ta da hannuna. Hannunki take son gani, ko ya yi ja. Da kika ce bari ya kama, dariya ta yi, ta ce, ku bar ta, ɗiyata ta san ado."

Ban san lokacin da na tsoma yatsana cikin ƙwaryar ba. Da sanyinsa, kamar tafin Inna.

Saura kwana goma azumi aka sa ni lalle. Na yi kukan amarci kamar kowace amarya, amma ban gudu ba. Aƙilu ya aiko wai a gaya min ƙwarya ta kai, shi ma yana tafe.

Da aka zare min zunguru aka wanke, hannun ya yi jawur har ya so ya yi baƙi. Mata na ta guɗa. Na zame daga cikinsu na je bakin ɗakin Inna, wanda na shekara bakwai ina kewayewa. Na ɗaga asabari, na miƙa tafina ciki.

"Inna, ga ni na taho. Duba... ya kama."