Tambayar da ta Maƙale a Shagon Baba

"Gidaɗo, ta maƙale!"

In ji Ma'u, idonta a kan kwamfuta. Mahaifinta, Alhaji Maharazu, yana zaune kan buhun kanumfari a shagonsa na Kasuwar Kurmi, bai ko ɗago ba.

Ita da Gidaɗo, masoyinta tun suna jami'a, suka haɗa wa Baba database, wato rumbun bayanai, na cinikin shagunansa. Baba kuwa ya ce ba zai ba mai danne-danne 'yarsa ba sai ya ga amfanin sana'ar. Tambaya ɗaya ya yi: wane kayan yaji ne ya fi tafiya da azumi?

Amsa ta ƙi fitowa.

Hashim, ɗan ƙanin Baba mai kula da kwamfutar, wanda ya daɗe yana son Ma'u, ya murmusa.

"Ai na faɗa maka, Baba. Wasan yara ne."

"Kwantar da hankalinki, Ma'una," Gidaɗo ya raɗa mata. "Jiya lafiya lau ya yi. Sa EXPLAIN a gaban query ɗin da muka rubuta tambayar da shi, mu ga hanyar da yake bi."

Ta rubuta, ta zaro ido.

"Duk cinikin yake karantawa layi-layi! Index ɗin kwanan wata... an goge shi!"

Ta juya ta dubi Hashim. Ya hau gyaran hula.

"Mene ne kuma indas?" in ji Baba.

Gidaɗo ya durƙusa. "Kamar shaidar da kake yi wa buhu ce, Baba. In babu ita, sai an kwance kowanne kafin a sami citta."

"To, ku mayar."

Ma'u ta mayar da index ɗin, Gidaɗo ya rage query ɗin ya bar abin da ake buƙata kawai. Ta yi bismillah ta danna.

"Citta!" in ji ta.

"Wannan ko jikana ya sani," in ji Baba.

Ma'u ta ƙara dubawa. "Amma a shagon Ƙofar Ruwa kimba ce, Baba. Kuma tun goman farko take ƙarewa."

Baba ya gyara zama. "Ashe shi ya sa mata suke komawa maƙwabta!"

Ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙa hannu.

"Hashim, ba ni makullin kwamfutar. Kai kuma Gidaɗo, ka ce wa Baffanka ina jiransa ranar Juma'a."

Ma'u ta rufe fuska da mayafi ta fice a guje, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Baba da kansa ya riƙa rabon goro, duk wanda ya miƙa wa sai ya ce, "Surukin nawa fa injiniya ne!"