Maganin Ƙashin Inna Kulu

Ranar kasuwar Bakori suka fara haɗuwa. Raudatu ta riƙo mahaifiyarta, Inna Kulu, suna saukowa daga bas, sai gwiwoyin tsohuwar suka ƙi ɗaukarta. Wani saurayi mai sayar da masara, Murtala, ya bar buhunansa ya rugo ya tallafe ta.

"Sannu Inna, zauna ki huta."

Raudatu ta ɗago za ta yi godiya, idonta ya faɗa cikin nasa, ta kasa ɗaukewa. Shi ma Murtala haka.

Kafin a yanke dawa ya san hanyar gidansu a Malumfashi. Sai dai mahaifinta, Malam Maiwada, bai taɓa sakar masa fuska ba. Hankalinsa na kan Mahadi, ɗan amininsa, wanda shi ma yake zuwa zance.

Wata rana Murtala ya zo da kwalabe biyu daga wani kyamis a Funtua.

"Na ƙarfin ƙashi ne, Raudata. Wannan kalsiyam, ɗaya kullum. Wannan kuwa bitamin D ne mai ƙarfi, ɗaya a mako. Kin ji ko? A mako."

"Na ji, Muradina."

Da Inna ta fara takawa har madafi da kanta, daɗi ya kama Raudatu. Ta ce a ranta, idan ɗaya a mako ta yi haka, ina ga kullum? Ta shiga ba ta bitamin D ɗin kullum, kalsiyam kuma safe da yamma. Ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan 'yan watanni Inna ta canza. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ba iyaka, ciki ya ɗaure, ga amai. Ranar da ta dubi Raudatu ta ce, "Ke 'yar wace ce?" gidan ya ruɗe da kuka.

Mahadi ya zauna gefen Malam ya ce, "Baba, tunda yaron nan ya kawo kwalaben nan ba a ga daidai ba. Wa ya san abin da ya zuba ciki?"

A asibiti aka auna jini. Likita ta ce, "Kalsiyam ya yi mata yawa. Bitamin D shi ke sa jiki ya zuƙe shi, in ya wuce kima sai ya taru a jini, ya wahalar da ƙoda, ya rikita tunani. Wa ya ce a riƙa ba ta haka?"

Raudatu ta yi sauri ta kau da kai. Murtala, da ke tsaye bakin ƙofa, ya dube ta sau ɗaya ya gane komai.

"Ni na kawo maganin, likita."

Malam Maiwada ya zage shi tas a gaban jama'a, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidansa. Murtala ya sunkuyar da kai ya fita.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Raudata, kada ki ce komai. Ni baƙo ne, fushin Baba zai wuce a kaina. Ke kuwa 'yarsa ce. Ki kula da Inna."

Ta mayar masa tana hawaye: "Muradina, ba zan iya cin abinci da wannan a wuyana ba."

Ta samu mahaifinta a baranda ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Ya ce ɗaya a mako, har sau biyu ya faɗa. Ni na ƙara, don ina son ta warke da wuri."

Malam ya juyo ya dube ta.

"Kuma ya sani, ya tsaya ina ci masa mutunci?"

"Ya sani, Baba."

Aka tsayar da ƙwayoyin, aka yi ta yi wa Inna ƙarin ruwa. Sannu a hankali hankalinta ya dawo, har ta kira Raudatu da sunanta. Washegari Malam da kansa ya hau mota zuwa Bakori don ba Murtala haƙuri. Mahadi bai sake zuwa ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Inna ta haɗa hannun Raudatu da na Murtala cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku."

Malam ya share ido da bakin rawani ya ce, "Murtala, ga ta nan na ba ka, har da gaggawarta. Ka riƙe min ita yadda ka rufa mata asiri."

"In sha Allahu, Baba."