Abin da Mama Ta Faɗa Bayan An Rufe Ƙofa

Da sukurdireba a hannu ya buɗe mata ƙofa, yana cikin gyaran fankar falo. Ta yi sallama, ta nuna katin aikinta, ta ce ita ce mai binciken da ke zagaya gidaje tana jin yadda tsofaffi ke rayuwa a benaye.

Auta, haka mahaifiyarsa ke kiransa, mai gyaran wuta ne, kuma Allah ya hore masa baki. In ya fara zance sai dai ka nemi wurin zama. Amma ranar, kai, ko "shigo" sai da ya yi ta lalube.

Ta zauna kusa da Mama, ta nemi izini kafin ta kunna rikoda, ta jefa wayarta cikin jaka.

"Mama, yaya safiyarki take farawa a gidan nan?"

"Lafiya lau!" Auta ya cafe. "Hawa na huɗu ne fa, ga iska, ga ruwa..."

Ta dube shi tana murmushi. "Yallaɓai, amsarka ta yi kyau. Saura ta Mama."

Haka aka tura shi baranda, aka rufe ƙofa. Ta gilashin taga yake leƙensu. Mai binciken ba ta duba agogo, ba ta katse magana. In Mama ta yi shiru, ita ma sai ta yi shiru, ta jira. Matar da ke wuni ba ta yi jimla goma ba, sai ga ta tana zuba har awa biyu. Nan take yarinyar ta shiga ransa.

Lambarta na jikin takardar da ta bari. Ya rubuta mata: "Malama, ni ma ina da abin faɗa. Yaushe za a saurare ni?"

Ta amsa: "Sai na miƙa rahotona, wata uku. In har lokacin bai gudu ba, zan ji."

Bai gudu ba. Ya koma kiranta Sanyin Raina, ita kuma tana ce masa Rediyo. Wata rana ya tambaye ta sirrin aikin.

"Tambaya ɗaya, sai ka kama bakinka," ta ce. "Amsar farko ta kunya ce. Ta gaskiya tana biyo bayan shiru, in ba ka yi gaggawar cike shi ba."

Da ya kai wa Mama maganar aure, sai fuskarta ta canza.

"Kowa ka kawo zan karɓa. Ban da ita."

Ya yi magiya, ta ƙi faɗin dalili. Jikinsa ya ba shi cewa matsalar na cikin hirar nan ta awa biyu. Ya garzaya ofishinsu.

"Sanyin Raina, me Mama ta faɗa miki?"

"Ba nawa ba ne da zan ba ka."

"Ko da aurenmu zai rushe?"

Idonta ya ciko, amma ta kafe. "Ina sonka, Rediyo, Allah ya sani. Amma alkawari na yi mata kafin na san za ka zama nawa."

Ya fita a fusace. Sati biyu ba kira, ba saƙo. Abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Wata safiya ya ja kujera gaban Mama. "Mama, me ke damunki?"

"Ba komai."

Bakinsa ya yi ta ƙaiƙayi, wallahi kamar ya mutu, amma ya danne. Fanka na juyawa, su biyu shiru. Can Mama ta sauke ajiyar zuciya.

"Ta gaya maka ko?"

"Ta ƙi, Mama. Ta gwammace ta rasa ni."

Mama ta daɗe tana kallonsa, sannan hawaye suka zubo. Ta ce tun da ya ɗauko ta daga tsohuwar unguwa, gwiwarta ba ta iya matakalar nan, ƙawayenta ma ba sa iya hawowa. Kullum ya fita aiki sai ta zauna ta yi kuka. Ta ɓoye don ta ga irin wahalar da ya sha kafin ya samu gidan.

"Kunya nake ji, Auta. Yaya zan haɗa ido da surukar da ta san na raina ƙoƙarin ɗana? Na ɗauka tuni ta kai maka."

Ya durƙusa ya riƙe hannunta.

"Tashi ka kira min 'yata," ta ce.

Ya rubuta wa Sanyin Raina: "Na yi kuskure. Mama na nemanki, ni kuma na fi ta."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, suka tare su uku a wani gidan ƙasa, layi ɗaya da tsofaffin ƙawayen Mama. Ranar tarewar Mama ta kama hannun amarya ta ɗora a kan na Auta.

"Kin riƙe amanata lokacin da ban zame miki komai ba. Ga ɗana, shi ma amana ne. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ku."

Ɗakin ya amsa da amin.