Kukan Motar Tate

"Kin ji ko? Ya sake farawa!" in ji gwaggonta.

Vemuna ba ta buƙatar a faɗa mata. Ƙwaryar nono ta riga ta suɓuce daga hannunta.

Rana ce tsaka, ko iska ba ta motsi. Shanu sun daina tuƙa, sun juya kawunansu gefe guda. A ƙarƙashin bishiyar ƙaya motar mahaifinta ke tsaye, mota mai gado da kicin a ciki, wadda ya yi shekara ashirin yana kai baƙi bakin teku da ita. Wata uku ke nan da binne Tate, mahaifin nata. Babu mai shigarta. Kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado.

Amma motar kuka take yi.

Siriri ne, dogo, kamar na jaririn da aka toshe wa baki. Fitilun ciki suna ƙiftawa da rana tsaka.

"Sau uku!" in ji Gwaggo Ripuree, ƙanwar Tate, ƙahonnin ɗankwalinta, ɗaurin matan ƙabilarsu mai kama da ƙahon sa, suna rawa. "Duk ranar da wannan Ba'owambon ya taka gidan nan sai ɗan'uwana ya yi kuka. Me kuma kike jira, 'yar nan? Ya fito daga kabari ya mare ki?"

Natangwe, ɗan ƙabilar Owambo, yana tsaye a bakin shinge, jakar kayan gyara a kafaɗa. Shekara huɗu shi ke duba wa Tate wutar mota a garin Omaruru. A nan ya fara ganin Vemuna. Yau ya zo jin amsar ƙarshe kan neman aurenta.

Baffa, yayan Tate, mai kula da wutar kakanni, yana zaune gaban toka. Bai ɗago ba.

"Wanda mamaci ya ƙi, ba zan kai sunansa gaban wuta ba."

"Ga Mbaeva ɗana," in ji Gwaggo. "Jini ɗaya, shanu ba za su bar gida ba."

Mbaeva ya ɓullo ta bayan garke yana murmushi, hannu ɗaya a aljihu.

Vemuna ta isa shinge.

"Natangwe... in da gaske Tate ne fa?"

"Zuciyata, kalle ni."

Ta kalle shi.

"Na san muryar Tate. Na san muryar inbata. Wannan inbata ce."

"Mece ce?"

"Akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Gishirin teku ya cinye ta. In aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, haka take ihu."

Mbaeva ya tuntsire da dariya. "Sarkin waya! Har matattu ma kana gyarawa?"

Natangwe ko kallonsa bai yi ba. Ya cire hula, ya durƙusa daga nesa.

"Baffa, ni bare ne, ba zan shiga motar ba. Amma 'yarsa jininsa ce."

Tsohon ya ɗago.

"Ta shiga. In ubanta ne, ya faɗa mata da kansa."

Ƙofar ta buɗe da ƙyar. Ƙamshin tabar Tate ya tarye ta. Hularsa na rataye, takalmansa a jere kamar yanzu ya cire. Kukan ya cika mata kai.

"Tate... ni ce..."

"Ina nan, abar ƙaunata," muryar Natangwe daga waje. "Duba soket ɗin gefen gado. Akwai waya a jiki?"

Akwai. Baƙa, ta shige ƙarƙashin gado. Ta ja a hankali.

Dutsen guga ne. Da zafinsa.

Ta fizge wayar.

Ɗif! Kukan ya tsaya.

Ta fito da shi a hannu. Duk gidan sun san shi. Da shi Gwaggo ke goge ƙahonnin ɗankwalinta.

"Wata biyu ina neman sa!" Gwaggo ta yi ihu, sai ta juya ga ɗanta. Nan take ta gane.

"Fito da hannunka, Mbaeva," in ji Baffa.

Ya fito da shi. Ƙuna sabuwa fil a yatsu biyu.

"Kai ka sa wa ƙanena kuka a baki?" Muryar tsohon ba ta tashi ba. "Tashi daga gaban wutata."

Vemuna ba ta tsaya kallo ba. Ta ga wani abu a ƙarƙashin gadon. Ta koma ta jawo shi: kwali ne, ba a taɓa buɗewa ba. Sabuwar inbata. A samansa rubutun Tate, manya-manyan baƙaƙe a karkace.

Ta karanta, hawaye na shiga bakinta.

"Natangwe kaɗai zai sa wannan. Motar tasu ce shi da Vemuna, su je su ga teku."



"To," in ji Baffa. "Mai ita ya ba ka izini. Shiga, ɗana."

Natangwe ya cire takalmi kafin ya hau. Ya kashe batir, ya kwance jar waya, ya kwance baƙa. Tsohuwar inbatar ta fito fara fat da gishiri. Ya ajiye ta kan yashi. Ya ɗaura sabuwar, ya danna.

Ƙaramar fitila koriya ta kama. Ba kuka.

"Gaya wa mutanenka su kawo shanun sadaki," in ji Baffa.

Vemuna ta jingina da ƙofar motar, tana kuka tana dariya. Natangwe ya sauko, ya kama 'yan yatsunta.

"Shi ke nan, amaryata."

A lokacin ne tsohuwar inbatar da ke kan yashi, ba waya ko ɗaya a jikinta, ta yi ƙara.

Ba ihu ba. Gajeriya, can ƙasa. Irin gyaran muryar da Tate ke yi in ya gamsu da ciniki.

Shanu suka sake juyowa.

"Sauran wuta ce a ciki," in ji Natangwe da sauri. "Suna yin haka."

Amma hannunsa ya yi sanyi ƙalau a cikin nata.

Vemuna ta ƙara damƙe shi. Ta dubi tsohuwar inbatar.

"Na ji, Tate," ta ce.